Abin da Fitilar Baba Ila Ba Ta Gani Ba

Na san abin da kuka ji. Kun ji shi a gidajen biki, kun ji shi a bakin dangin mahaifiyarku, wataƙila har a tasha an faɗa muku: wai na kunyata kakanku, Baba Ila, a gaban jama'a don in buɗe rumfata. Ban amsa ba yana raye, domin duk amsar da zan bayar ƙarin magana ce a kansa. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ma idona ya fara ragewa. Zan faɗa muku yadda aka yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin waya daga batir har inda ta ƙare. Wanda ya fara karantawa ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Da farko ku san matsayin Baba Ila a wurina. Shi ya ɗauke ni daga gona bayan rasuwar mahaifina, ya zaunar da ni a rumfarsa ta gyaran wayar mota da ke bakin tasha a nan Wudil, kafin a hau gada. Shi ya koya mini riƙon sukuddireba. Shi ya koya mini cewa wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar dawowa. Shi kuma ya ba ni 'yarsa Hajara, mahaifiyarku. Saboda haka da rana maigidana ne, da yamma surukina. Abin awonsa guda ɗaya ne tak: ƙwan fitilar mota da ya liƙa wa waya biyu, ya naɗe gindinsa da baƙin tef. Ya ɗora waya ɗaya nan, ɗaya can. In ƙwan ya kama, akwai wuta. In bai kama ba, babu. Da wannan fitilar ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, ya yi sunan da direbobi suka sani tun daga Kano har hanyar Maiduguri.

Na biyu, ku san al'adar sana'armu a lokacin. Mutum ba ya kafa rumfarsa sai maigidansa ya yaye shi. A tara masu sana'a, a raba goro, maigida ya ɗauki abu ɗaya daga kayan aikinsa ya sa masa a hannu, ya yi masa addu'a a gaban kowa. Wanda ya fita ba ta wannan ƙofa ba, ko ya fi kowa iya aiki, gudajje ake ce masa. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin Baba, kuma ya riga ya furta cewa bayan babbar salla zai yaye ni. Wata biyu ya rage lokacin da wannan abu ya faru. Ku riƙe wannan a ranku, domin wanda saura wata biyu a ba shi abu da daraja ba ya buƙatar ƙwace shi.

Shekarar tana cikin shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa. Mutanen da na sani a kan jaki sai ga su a kan babur, na kan babur sai ga su da mota. Ran Juma'a, ranar kasuwa, motoci kan yi layi tun daga gada har su wuce rumfarmu. Kowa ya sayi mota kuma sai ya yi mata ado: ƙarin fitilu huɗu a goshi, hon mai kiɗa, kaset, jajayen ƙwayaye a gefen bodi. Aiki ya yi mana yawa, amma na lura da wani abu. Sababbin motocin nan suna zuwa da cutar da fitila ba ta ganewa. Ka gwada, ƙwai ya kama, ka ce lafiya, gobe mai mota ya dawo da fushi. Wata rana na shiga Kano sayen waya, na ga wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari yana aiki da ɗan akwati mai allura da waya biyu, ja da baƙa. Na tsaya a kansa har la'asar. Ya nuna mini yadda ake juya maɓalli, da yadda ake karanta layin lambobi na sama da na ƙasa. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma lamba ba ta taɓa yi mini wuya ba. Na dawo na sayar da kekena, na koma na sayi mita.

Ranar da na fito da ita a rumfa, Baba ya dube ta ta saman tabarau.

“Wannan kuma rediyon mene ne, Sale?”

“Mita ce, Baba. Tana faɗin yawan wutar da ke cikin waya.”

“Yawanta? To, buhu nawa ta ce akwai a batir ɗin nan?”

Direbobin da ke zaune a benci suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, “Wuta ko akwai ko babu. Mayar da rediyonka gida. A rumfar nan fitila ke aiki.”

Ban mayar da ita gida ba. Na naɗe ta a tsumma na sa a ƙasan akwatin kayana. Wannan saɓa umarni ne, kuma na lissafa shi cikin laifina.

Yanzu ga motar. A-kori-kura ce ta Alhaji Sabo, wani mai fataucin hatsi daga Ɗankaza. Direbanta Hamisu, mutumin Indabo, tsarana ne, mai surutu da tsokana, amma bai taɓa tayar da mota bai duba ruwa da mai ba. Yana da mata da 'ya'ya huɗu da tsohuwa. Cutar motar ita ce allurar zafi, wadda ke gaban direba tana nuna zafin inji. Da an yi 'yar tafiya sai ta hau, in an kunna fitilu da asuba ko bayan magariba sai ta shige ja. Allurar nan tana karɓar labari ne daga wata ƙusar tagulla da ake ɗaurawa a kan inji, bakinta cikin ruwa. Yaran yanzu sansa suke ce mata. Baba ya canza ƙusar sau biyu. Bakanike ya wanke lagireto, ya buɗe kan inji ya canza gasket, duk a banza. Ga kuma kik ɗinta yana jan ƙafa, har Hamisu ya saba ajiye ta a gangare don a tura. Wannan kowa ya ɗora wa batir. Alhaji Sabo ya gaji. Wasu kuma suka sa masa a kunne cewa Hamisu yana lodin mutane da buhuna fiye da kima a bayan idonsa, shi ya sa inji ke dahuwa.

Ran Talata Hamisu ya kawo motar karo na biyar. Baba ya tafi jana'iza a ƙetaren gada. Hamisu ya zauna a kan tsohuwar taya ya cire hula, ya kira ni da sunan da direbobi ke kiran mai gyaran waya.

“Rewaya, ko dai aljanu ne? In su ne ka faɗa mini, in je Indabo a yi mata hayaƙi.”

“Tashi ka tayar da ita.”

“Sai dai mu tura. Ka san gimbiyar ba ta tashi sai an lallashe ta.”

Muka tura ta tashi. Na warware tsumma na fito da mita, na bi aikin bi da bi. Na fara da batir, domin daga nan komai yake farawa: inji na aiki, allurar mita ta tsaya wajen sha huɗu. Batir da altaneta ba su da laifi ke nan. Sannan na cire wayar da ke kan ƙusar zafi, allurar gaban direba ta faɗi ƙasa. Na taɓa wayar a jikin ƙarfe, ta tashi har ƙarshe. Allurar da wayarta lafiya suke. Na mayar, na bar inji ya ɗau zafi har allura ta kusa ja, na dafa tiyon lagireto na sama. Zafi ne irin na kullum, ruwa bai ko motsa ba. A nan na tabbata injin ba ya zafi. Allura ce ake faɗa wa ƙarya, saura in gano mai faɗa mata.

Sai na tuna karatun farko da Baba ya yi mini: wuta sai da hanyar dawowa. A mota hanyar dawowa ita ce ƙarfen motar kansa. Ƙafar batir ta baya tana ɗaure a bodi, bodi kuma an haɗa shi da inji da wata saƙaƙƙiyar waya mai faɗi. In hanyar nan a buɗe take, tsakanin inji da ƙafar batir ta baya babu wani bambanci, mita ba za ta motsa ba. Na juya maɓalli zuwa ƙaramin layi, na ɗora waya ɗaya a batir, ɗaya a jikin inji. Allura ta ɗaga. Na ce wa Hamisu ya kunna fitilunsa duka, har na ado, da kaset. Ta tafi ta tsaya a ɗaya da rabi. Na leƙa gaban direba, allurar zafi ta shige ja a daidai wannan lokacin. Na sa ya kashe fitilu, duka biyun suka sauko tare. Sau uku na maimaita.

Na kwanta ƙarƙashin motar na bi saƙaƙƙiyar wayar da hannu. Ba ta tsinke ba, notinta a ɗaure tam. Amma inda ta zauna a jikin bodi, koren fenti ne mai kauri a ƙarƙashinta, tsatsa ta fara cin gefensa. Na daɗe a kwance ina kallonsa. Wata biyar kafin nan, da Alhaji ya sa aka yi wa motar sabon fenti da bodin katako, rumfarmu aka kawo ta a mayar da wayoyi. Ni na ɗaura notin nan. Ranar Alhamis ce, motoci sun yi yawa, ban kankare fentin ba.

“Me ta ce, rediyon?” in ji Hamisu daga sama.

“Je ka ci abinci.”

Ban faɗa masa komai ba. Magana irin wannan maigida ake fara kai wa. Ban kuma taɓa notin ba, domin ina so Baba ya gani da idonsa. Da ya dawo ya zauna ya sha ruwa, na durƙusa gefensa na yi masa bayani a hankali, ba kowa a kusa. Na faɗa masa na yi amfani da mita. Na faɗa masa laifin nawa ne. Ya tashi ya ɗauko fitilarsa, ya ɗora waya ɗaya a ƙafar batir ta gaba, ɗaya a jikin inji. Ƙwai ya kama tar. Ya mayar da wayar batir ɗin zuwa ƙafar baya. Ƙwai bai ko yi ja ba.

“Ka gani? Hanya a buɗe take.”

“Baba, ƙwan na sha biyu ne. Abin da ke nan kaɗan ne, ba zai iya kunna shi ba. Amma ya isa ya ruɗe allura.”

“Abin da bai isa ya kunna ƙwai ba, shi zai sa a sauke inji?” Ya naɗe wayoyinsa. “Na ce ka kai abin nan gida, ka ajiye shi a rumfata. Wannan magana ɗaya. Ta biyu, kada ka ƙara taɓa motar nan.”

Bayan la'asar Alhaji Sabo ya zo. Ya tambayi Baba ƙarshen magana. Baba ya ce waya lafiya take, ƙusa sabuwa ce, allura ba ta ƙarya. In ta ce zafi, zafi ne, a nemi dalili a wurin mai tuƙi. Alhaji ya juya ya dubi Hamisu. Ya ce a kai motar gidansa a Ɗankaza a ajiye, ran Juma'a da safe a dawo da ita nan rumfa, zai zo da wanda zai karɓi makulli. Hamisu bai yi tsokana ba ranar. Ku sani, a tasha in aka ce direba ya dafa inji, ba mai ƙara ba shi mota.

Ran Laraba da yamma na faɗa wa mahaifiyarku. Tana tankaɗen gari a tsakar gida, cikin Aminu ya tsufa a jikinta. Ta saurara har na gama ba ta ɗaga kai ba.

“Malam, ba noti ɗaya ba ne? In an kawo ta Juma'a, ka faki idonsa ka kankare, ka ɗaure. Shi ke nan. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.”

“Na yi wannan tunanin.”

“To?”

“In na gyara a ɓoye, sabon direba ya hau, allura ta zauna lafiya. Me mutane za su ce?”

Ta tsayar da rariya. Ta gane kafin in ƙarasa.

“Za su ce dama Hamisu ne.”

“Da hannuna na tabbatar masa da laifin da ba nasa ba, bayan ni na jawo masa.”

Ta ci gaba da tankaɗe, amma da ƙarfi. Can ta ce, “Ni dai ubana ne. Wata biyu ya rage maka. Ka je wurin Inna.”

Ran Alhamis bayan azahar na je. Inna, kakarku, tana ɗaki, ni ina daga bakin ƙofa a tsugune, labule a tsakaninmu kamar yadda aka saba. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi mai ciki, ta tambayi aiki. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na roƙe ta ta sa baki, Baba ya kira Alhaji da kansa ya ce ya sake dubawa ya gano. Ba sai an ambaci mita ba, ba sai an ambace ni ba.

“Na ji zancen tun shekaranjiya,” in ji ta. “Bai ci tuwon kirki ba. Ka san halinsa, ɗan nan. Shekara talatin yana faɗa ana cewa to. In ya furta abu a gaban Alhaji, ba ya lashe shi.”

“Inna, mutum ne zai rasa abincinsa.”

“Kai ma naka kake shirin zubarwa. Zan gwada. Amma kada ka sa rai.”

Ta gwada. Da safe Hajara ta dawo daga gidan da amsa: Baba ya ce maganar mota ba ta cikin gida ba ce.

Na faɗa muku wannan duka don ku ga ban tsallake mataki ba. Na fara da shi, shi kaɗai. Na bi ta 'yarsa. Na bi ta matarsa. Ƙofa uku na ƙwanƙwasa kafin Juma'a.

Ran Juma'a da hantsi hanya ta cika da shanu da motoci. Hamisu ya kawo a-kori-kura ya tsayar a gangaren gaban rumfa, ya bar inji yana aiki. Alhaji Sabo ya iso da wani dogon mutum wanda zai karɓi tuƙi. Benci cike da direbobi. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da kasuwa. Sannan Alhaji ya miƙa hannu.

“Hamisu, kashe ta ka kawo makulli.”

Hamisu ya nufi ƙofar mota. Na tashi na je gaban Baba na durƙusa.

“Baba, ku yi mini izini in yi magana.”

“Ban yi ba.”

Na zauna a durƙushe ɗan lokaci. Ina jin kukan shanu, ina jin inji. Sannan na miƙe. Wannan ita ce miƙewar da kuka ji labarinta.

“Alhaji, a dakata da makullin. Laifin da ke motar nan nawa ne, ba na Hamisu ba. Ni na ɗaura waya a kan fenti. A ba ni minti biyar.”

Da wannan na fara, kuma duk wanda ke wurin ya ji. Ban ce Baba ya yi kuskure ba, ban ambaci fitila ba. Alhaji ya dubi Baba. Baba yana kallon hanya. Alhaji ya ce, “To, mu gani.”

Na sa Hamisu ya kunna fitilu duka. Na kira Alhaji ya leƙa, allura tana cikin ja. Na fito da mita na ɗora, na nuna masa inda allurarta ta tsaya. Sannan na ɗauko wayar haɗa batir mai kauri, na maƙala baki ɗaya a ƙafar batir ta baya, ɗaya a jikin inji. Allurar mita ta kwanta. Allurar zafi ta fara saukowa a hankali har ta tsaya a tsakiya. Na cire wayar, ta hau. Na mayar, ta sauko. Alhaji ya ce in sake. Na sake. Daga nan na sa aka kashe inji, na kwanta, na kwance noti, na kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari, na shafa giris, na ɗaure. Na ce wa Hamisu ya murɗa makulli. Direbobi biyu har sun tashi za su tura. Motar ta tashi bugu ɗaya.

Hamisu ya leƙo ta taga. “Alhaji, gimbiya ta tuba.”

Aka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta ɓata komai. Wani daga benci ya ce ashe rediyo ta fi fitila. Na juya na ce masa ya yi shiru, amma magana ta riga ta fita. Alhaji Sabo ya ba dogon mutumin haƙuri, ya ce wa Hamisu ya je ya yi lodi. Da wurin ya watse, Baba ya kira ni. Muryarsa ba ta tashi ba.

“Ka iya aiki, Sale. Wanda ya iya aiki ba ya zama a rumfar wani. Ɗauki akwatinka.”

“Baba, ku yafe mini.”

“Na ce ban yi izini ba, ka miƙe. Ɗauki akwatinka.”

Haka na fita, ba goro, ba addu'a, ba komai a hannuna sai abin da na shigo da shi. Na kafa rumfa a wancan gefen gada, a ƙarƙashin wata tsamiya, don kada a ce na zauna masa a ƙofa. Shekarar farko masu sana'a ba sa gayyata ta taronsu. In na wuce, a ce ga gudajjen Ila. Da aka haifi Aminu, Baba ya aiko da rago amma bai zo suna ba. Mahaifiyarku ta yi kuka ranar a ɗaka, ta fito ta raba waina kamar ba komai. Ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, ba ta kuma taɓa cewa na yi kuskure ba. Duk Juma'a bayan masallaci ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara, shi ke nan. Kalmar mota ba ta shiga tsakaninmu ba shekara tara.

Aiki kuwa ya zo. Hamisu ya zama kamar mai shela a tasha, har sai da na ce ya rage. Amma akwai abin da ban gane ba sai daga baya. Lokaci lokaci direba zai zo da motar da na ga alamar hannun Baba a wayoyinta, irin naɗin tef ɗinsa da ba na kowa ba. In na tambaya wa ya turo shi, sai ya ce shi dai an ce ya haye gada. Wata rana wani ya suɓuce baki. Ya ce tsohon ne ya gwada da fitila, sannan ya ce, kai ta wurin mai tsamiya.

A kan ƙa'ida ban sauya ra'ayi ba, kuma ba zan sauya ba. In aka sake dawo da ranar nan, zan sake miƙewa. Mutum ba ya barin wani ya ɗauki laifinsa don ya tsira da addu'ar yaye. Abin da nake nadama guda biyu ne, kuma na faɗe su: ban kankare fenti ba, na kuma ɓoye mita a rumfar da aka ce in fitar da ita. Da na kankare fentin nan ranar Alhamis ɗin, da babu wannan babi. Shi ya sa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina a cikinku ya san abin da nake yi wa mai ɗaura waya a kan fenti, kuma yanzu kun san dalili.

A ciwonsa na ƙarshe, wata Juma'a na je gaisuwa kamar kullum. Yana kwance a zaure a kan tabarma, hasken la'asar yana shigowa ta ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara. Na yunƙura zan tashi, sai ya ɗaga hannu.

“Sale.”

“Na'am, Baba.”

“Ranar nan. Motar Sabo. Nawa ta nuna?”

“Ɗaya da rabi, Baba.”

Ya rufe ido yana juya lambar a bakinsa.

“Ɗaya da rabi. A ƙwan sha biyu.” Ya buɗe ido. “Ba zai kama ba.”

“Ba zai kama ba, Baba.”

Ya kira Inna daga cikin gida, ya ce ta ɗauko masa gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, ta kuma kawo goro. Ta kawo ta tsaya daga bayan ƙofa. Ya buɗe gwangwanin da ƙyar, ya fito da fitilar, tef ɗinta ya bushe ya fara warwarewa. Ya ce in miƙo hannu. Ya sa mini ita, ya rufe hannuna da nasa biyu, ya yi addu'ar da ake yi, tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Ba masu sana'a, ba benci. Inna ce kaɗai ta ce amin daga bayan ƙofa.

Ita ce fitilar da kuke gani a akwatina kusa da mita, wadda na hana kowa taɓawa. Ƙwanta bai mutu ba. Na gwada shi jiya kafin in zauna rubuta wannan.